Irin da Ba a Yi Wa Godiya

Wooton, Kentucky
Maris, 1967

Nadine 'yata,

Ina fata kina lafiya, ke da mijinki Stanley da abin da ke cikinki. Mu nan ga yadda muke. Babanki tarin nan da ya kwaso a ramin kwal yana nan, ya fi tsanani da safe, amma yana cin abinci kuma bakinsa bai mutu ba. Yayanki Elbert lafiya lau. Matarsa Opal haƙori ya hana ta sakat, ta kuma ƙi zuwa a cire. Gwaggonki Dovie ta gurɗe ƙafa a bakin rijiya. Ita ta ce santsi ne, ni na ce kallon gidan mutane ne ya hana ta kallon gabanta. Alfadarin ya warke. Ni ƙafafuna ne kawai.

A cikin ambulan ɗin nan akwai 'yar takarda a naɗe. Kada ki buɗe ta inda iska ke kaɗawa. Irin tumatirin kakata Hettie ne, rawayan nan mai jan zane a ciki, wanda yanka ɗaya ke rufe burodi. Iyakar sanina, shi ke nan abin da ya rage a duniya.

Ƙasar lambuna ta kamu da ciwo. Shuka sai ta taso kyakkyawa ta kai ƙugu, sannan ta yi yaushi daga ƙasa ta mutu da 'ya'yanta ɗanye. Bara na ba Dovie ta gwada, nata ma haka ya yi. Elbert yana sare daji a saman tudu zai buɗe mini sabuwar ƙasa, amma sai baɗi, kuma irin nan ya tsufa, ba zai jira baɗi ba. Ke kina da fili a bayan gida da ba a taɓa shuka komai ba. Ki shuka, ki bar 'ya'yan su nuna sosai, ki dawo mini da sabon iri da kaka. Ba don ci na aiko ba.

Ba sai na tuna miki abin da ba a faɗa in an ba mutum iri ba. A gidan nan kika taso.

Mamanki,
Verlie Sizemore

Dayton, Ohio
Afrilu

Mama,

Wasiƙarki ta zo, kuma rubutunki ya ƙara kyau, ban tsaya ko wuri ɗaya ba. Muna lafiya. Cikin nan barci kawai yake sa ni. Ki gaishe da Baba, ki ce masa ya daina ɓoye taba a rumbun masara, kowa ya san wurin.

Na shuka irin a kwalin ƙwai a bakin taga. Tara sun fito, da faffaɗan ganye irin na dankali, yadda na tuna su. Stanley yana juya su su sami rana kafin ya tafi masana'anta, yana ce musu 'yan ƙauye. Ya ce zai ƙara layi biyu a ƙasa. Ni zan je in ɗora abinci, shi zai liƙe ya kai gidan waya.

Nadine

Misis Sizemore, ina gaishe ku da girmamawa. Nadine ta ba ni labarin wannan iri da na kakarku. Na gode ƙwarai da kuka amince mana da shi. Na gode, na kuma gode.

Stanley Wozniak

Wooton
Afrilu

Nadine,

Kowa yana nan yadda na gaya miki, ban da ni, da abinci ya ƙi shiga mini tun da wasiƙarki ta zo.

Kin karanta abin da mijinki ya rubuta kafin ya liƙe? Na san ba ki karanta ba. Na ɗauka idona ne, don har yanzu rubutun maza yana ba ni wahala, sai na kai wa Oleta, wadda ta koya mini karatu a coci. Ta duba ta ce haka yake, godiya ce, har uku a jere. Domin wannan na zauna a benci da furfura a kaina ina koyon baƙaƙe?

Ba a godiya kan iri, ba a godiya kan dashe. Wanda aka yi wa godiya ba ya yi. Uwata in za ta ba mace dashe, a kan shinge take ajiyewa ta shige gida, matar ta ɗauka ta wuce kamar sata ta yi. In mutum ya matsu sai ya yi magana, ya ce zan kula da shi, ya tafi. Ke kin sani, kin gani da idonki. Shi ban ga laifinsa ba sosai, mutanensu komai sai sun gode, ko ƙafarsu ka taka. Ke ce kika bar shi da biro.

Babanki dariya ya yi har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Verlie, tumatir ya iya karatu ne? Ke ma ai sai bara kika iya." Na ce, "Hobart, in ya mutu, kai zan yanka in sa a burodi." Ya ce ya fi tumatir tsami.

Na je na sami Dovie mun yi shawara, ga maganin. Ke na ba irin, ba shi ba, don haka har yanzu naki ne. Sai ya sace su daga hannunki. Ki juya baya, ya ɗauke, ya dasa a wurin da ba ke kika zaɓa ba. Kada ya ce komai, ke ma kada ki tambaya. Abin da aka sata ba godiya a kansa. Ki yi shi kafin lokacin dashe, ki rubuto mini kin yi.

Mamanki

Dayton
Mayu

Mama,

Ba zan sa mijina ya yi mini sata a cikin gidana ba. Na karanta masa wasiƙarki ina dariya, shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Wato gaisuwar farko da na yi wa mamanki a rubuce, da ita na kashe kakarta?" Mutumin kirki ne, Mama, kin taɓa ganinsa sau ɗaya ne kawai, ranar aure, kuma ko a ranar kallon takalminsa kika yi ta yi.

Shukar lafiya take. Na dasa shida manya a bayan gida, gefen babbar bishiyar nan, don kada rana ta ƙona su. Uku ƙanana na bar su a taga, ban ga alamar za su yi ƙarko ba. Ki kwantar da hankalinki. Ƙafafuna sun ɗan kumbura, in ban da haka lafiya.

Nadine

Wooton
Yuli

Nadine,

Babanki ya kwanta mako guda, ya tashi. Opal an cire haƙorin, yanzu kuma wurin da aka cire take kuka da shi. Dovie tana tafiya da sanda. Elbert ya ƙone kututturan saman tudu, ƙasar baƙa wuluk, na tsaya a kanta ba ni da abin da zan sa mata.

Wannan ce wasiƙata ta uku ba amsa. Tambaya ɗaya na yi miki tun Mayu, wace bishiya ce? Wa ya ce miki tumatir na tsoron rana? Kullum nakan taka har bakin titi in buɗe akwati, mai kawo wasiƙa har ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Dovie ta ce, "Bar ta, fushi take don kin taɓa mata mijin nan nata ɗan asalin ƙasar Polan." In fushi ne ki yi da ni, me shuka ta yi miki?

In sun mutu ki ce sun mutu. Kalma biyu ce, ko ni zan iya rubuta ta. Na san birni yana sa mutum jin kunyar abin gidansu, amma ban zaci zai cinye ki da wuri haka ba. Kakata ta hau dutsen nan da irin nan a ɗaure a bakin zanenta, uwata ta riƙe shi a shekarun da ba mu da ko gishiri, ni kuma na sa shi a ambulan na aika wa wadda ba ta iya sayen kan sarki.

Mamanki

Dayton
Yuli

Misis Sizemore,

Ni ne Stanley. Ina gaishe ku, ina gaida Mista Sizemore. Zan kula da kalmomina a wannan karon.

Nadine ba fushi take ba. Jininta ya hau tun farkon Yuni, ta kwana biyu a asibiti, yanzu tana gida, likita ya ce kada ta sauko daga gado sai ta haihu. Ita ta hana ni gaya muku, ta ce za ku bar Mista Sizemore ku hau bas. Wasiƙunku ni nake karanta mata, kuma na furta, gaisuwar kawai nake karantawa da labarin haƙorin Opal. Ta ƙarshen ce na ga ba zan iya yin shiru ba. Tana samun sauƙi, tana ci, tana yi mini faɗa.

Yanzu maganar shuka. Shidan nan sun mutu. Sun yi yaushi a mako ɗaya, ina ba su ruwa suna ƙara langaɓewa. Wani abokin aikina ɗan Tennessee ya zo ya duba, ya ɗaga kai ya ce, "Kai, a gindin bishiyar baƙin walnat ka dasa tumatir? Saiwarsa dafi ce gare shi." Saiwar kuwa ta cika filin duka.

Da na ga haka, sai na tuna ukun da ke taga. Ni ɗan Katolika ne, ban yarda da maganar godiyar nan ba, kuma har yanzu ban ce na yarda ba. Amma ranar Asabar da rana, Nadine ta juya fuska bango tana barci, na cire takalmi na shiga na ɗauke su. Ban ce komai ba. Na sa su a mota na kai gidan mahaifiyata a ɗaya gefen gari, na dasa a jikin garejinta inda rana ke wuni. Nadine ta farka ta kalli tagar, ta kalle ni, ba ta tambaya ba.

Ɗaya ya mutu. Biyu sun kama, sun wuce ƙirjina, sun yi fure.

Saura abu ɗaya da ke damuna. Ina cikin dasawa mahaifiyata ta leƙo ta taga, ta ɗauka kyauta na kawo mata, ta yi mini godiya kafin in tare bakinta. Amma da yaren Polan ta yi. Wannan yana shiga lissafi?

Stanley

Wooton
Agusta

Stanley,

Ka karanta wa Nadine wannan duka, kada ka tsallake ko layi ɗaya, zan tambaye ta.

Nadine, 'yar nan, kina kwance wata biyu ni ina nan ina zaginki a takarda? Wa ya ba ki izinin ɓoye mini? Na haifi biyar, na san abin da kumburin ƙafa ke nufi, kin rubuta mini shi a Mayu na wuce shi ina neman sunan bishiya. Ki kwanta a gefen hagu. Ki bar gishiri. Na haɗa jaka, babanki ya zauna a kanta ya ce in zan tafi sai dai in ɗauke shi tare. Ba zan iya barinsa ba, numfashinsa ba na wanda ake bari ba ne. An sa ki a addu'a ranar Lahadi, Dovie ta yi kuka fiye da ni don a gan ta.

Walnat! Yaron da ke rarrafe a nan ya san ba a shuka a gindinsa. Ba zan ƙara magana a kai ba sai kin haihu, amma na ajiye.

Kai kuma Stanley, game da tambayarka. Mun zauna ni da Dovie da Oleta. Dovie ta ce godiya godiya ce ko da yaren tsuntsu. Oleta ta ce ita malamar karatu ce, kada a sa ta a ciki. Babanki daga gado ya ce a tambayi tumatirin. Ni na yanke cewa ba ta shiga. Irin nan tun zamanin kakata bai taɓa fita daga wannan kwari ba, a ina zai ji Polan? Amma ka gaya mata kada ta kuskura ta maimaita da Turanci.

Ga aikinka. Ka kafa musu sanda mai ƙarfi, ka ɗaure da tsumma, ba igiya ba. 'Ya'yan za su fito munana, masu tsaguwa a kafaɗa, kada ka ce sun lalace, haka suke. Ka bar su a jiki har su yi laushi. Kada kowa ya ci. In sun nuna, ka matse cikin a kwalba, ka ɗan ƙara ruwa, ka rufe da ƙyalle ka ajiye a inuwa har fumfuna ta rufe saman. Zai yi wari. Warin shi ne aikin. Sannan ka wanke, wanda ya nutse shi ne iri, wanda ya taso ka zubar. Ka shanya a faranti, ba a jarida ba, yana mannewa.

Daga yau kai za ka riƙa rubuto mini duk mako, ita tukuna, sannan shukar.

Verlie Sizemore

Dayton
Satumba

Mama Verlie,

Nadine ta sauka lafiya, mace ce, mun sa mata Irene. Ƙarama ce amma muryarta ta cika unguwa. Jinin Nadine ya sauka. Ta ce in gaya muku yarinyar ta zo da ɓacin ranku, goshinta a tamke.

Na san na yi makonni ban rubuto ba. Ina jin tsoro ne.

Lokacin da muke asibiti tumatir suka fara nuna, ni ban leƙa garejin ba. Da na je, na tarar mahaifiyata ta tsinke duk wanda ya yi launi ta yi miyar naɗin kabeji ta kai wa mai jego. Ni ma na ci, ban sani ba, har na ƙara. Na ce, "Mama, me kika yi?" Ta ce, "Tumatir a jikin garejina, in tsaya ina kallo ya fashe? Munana ma, sai da na yanke rabi na zubar." Na ce na iri ne. Ta kira ni da sunana na Polan ta ce, "Iri ana sayarwa a kanti, Stasiu, an yi maka asiri ne a dutsen can na su Nadine?"

Guda biyu suka rage a sama, kore. Na ɗaure musu tsohuwar safar Nadine don tsuntsu, na kewaye da waya don mahaifiyata. Ɗaya ya ruɓe daga ƙasa. Ɗayan ya nuna, ya cika tafin hannuna biyu. Da na yanka na ga jan zanen nan a ciki, na kai wa Nadine ta gani kafin in matse, ta yi ta kuka, ta ce ƙamshin barandarku ne.

Kwalbar ta jawo faɗa na biyu. Ba ku faɗi rabin warin ba. Mahaifiyata ta fitar da ita shara, na dawo da ita, ta sake fitarwa. A ƙarshe a bayan motata ta ƙarasa, abokan aikina uku da nake ɗauka sun koma hawa bas.

Na wanke yadda kuka ce. Wanda ya nutse ya kusa cika ƙaramin cokali. Na ɗauki biyar na sa a jiƙaƙƙen ƙyalle don in gwada, ku yi haƙuri da ɓarnar. Huɗu sun tsaga sun fito da saiwa. Sauran sun bushe, suna cikin kwalbar magani a aljihun rigata ta coci. Ba zan sa su a ambulan ba. Likita ya ce Nadine za ta iya tafiya a Oktoba, za mu kawo Irene da su tare.

Stanley

Wooton
Satumba

Stanley ɗana,

Babanki, wato baban Nadine, amma ka ɗauka naka ne, ya tashi yana gyara gadon jariri da ya yi wa Elbert, yana tari yana fito. Opal lafiya. Dovie ta yar da sanda. Ni na karanta wasiƙarka a tsaye a bakin titi, sai da na zauna a kan dutse kafin in iya tahowa gida. Ka sumbaci Irene, ka ce wa Nadine goshin nan na babanta Hobart ne.

Miyar kabeji! Ban san matar nan ba amma ina da magana da ita. Kuma wa ya ce ka gwada biyar? Uku sun isa. Kwalbar magani ka tabbata ta bushe kafin ka zuba? In da damshi a ciki duk wahalar nan ta tashi a banza. Ka fitar da ita daga aljihu, jikin mutum yana da ɗumi, ka sa ta a wuri mai sanyi da duhu.

Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka. Hobart yana kallona ya ce, "Faɗa masa mana, Verlie. Yaron nan ya yi sata, ya yi faɗa da uwarsa, motarsa ta yi wari saboda ke. Kalma biyu ce." Na ce ya rufe mini baki. Ya ce, "To rubuta da Polan." Ba zan rubuta ba da kowane yare, kuma kada ka jira ta daga bakina ranar da kuka zo, ko baɗi, ko bayan na mutu. Ka dai gaya mini wane irin abinci ka fi so, da lambar takalminka, don waɗanda ka sa ranar aure ba za su hau tudun nan ba, kuma ina so ka ga ƙasar da Elbert ya buɗe.

In kun iso, kada ka miƙo mini kwalbar. Ka ajiye ta a kan shingen gaba, ka ɗauki kayanku ka shige ciki, kada ka waiwaya. Ka ja wa Nadine kunne ita ma. In kun ji ƙofa ta buɗe, ku ci gaba da hirarku.

Ka rubuto mini ranar da za ku taso kafin Lahadi ta farko a Oktoba, don in san lokacin da zan kama kajin nan, sun fara gane ni.

Mamanku,
Verlie